Makaɗa Ibrahim Narambaɗa Tubali: Rayuwarsa da Abin da Zuciyar Makaɗi ke Ɗauke da Shi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku sarakuna iyayen ƙasa, malamai, attajirai da sauran jama'a, duk wanda ya buɗe wannan littafi zai tarar da sunayen sarakuna a jere, kowane da shekarunsa da ayyukansa. To, kafin a zo zamanin takarda da alƙalami a fadojinmu, wa ya riƙe wannan jeri? Makaɗa ne suka riƙe shi a ka, suka riƙa maimaita shi a ƙofar fada daren Juma'a da safiyar Salla, har ya zauna a kunnen talaka da basarake. Shi ya sa ya dace, a bikin cika shekara 100 na sarauta, a keɓe shafi ga ɗaya daga cikin manyansu. Mun zaɓi Makaɗa Ibrahim Narambaɗa, wanda babu gidan da bai san muryarsa ba daga Ƙonni zuwa Alela, daga Malbaza da Dogarawa zuwa Illela ta Adar. Za mu bi rayuwarsa, mu kuma duba abin da mai kallo bai cika lura da shi ba, wato halin da zuciyar makaɗi ke shiga tun daga wurin bita har zuwa gaban sarki.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Ibrahim a ƙarshen ƙarni na 19 a garin Tubali, cikin ƙasar Isa ta wancan zamani, yankin da yau ke cikin jihar Zamfara ta Najeriya. Mahaifinsa Maidangwale mutumin Filinge ne, a nan Nijar, ƙaƙƙarfan ɗan fage, daga cikin mazan da ake yi wa kiɗi su tsuma. Mahaifiyarsa Riba mutuniyar Badarawa ce, ɗiyar gidan makaɗa. Ke nan yaron ya tashi tsakanin gado biyu: a wajen uba akwai wanda ake kaɗa wa, a wajen uwa akwai mai kaɗawa. Laƙabin da ya shafe sunansa na yanka kuwa ya samo shi ne daga wata karya da ya yi kiwo yana saurayi, wadda ake kira Rambaɗa, sai abokai suka riƙa ce masa na Rambaɗa, sunan ya bi shi har kabari.

Ya yi wayo a lokacin da ƙasa ke girgiza. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa Birnin Ƙonni ɓarnar da har yau ba a manta ba. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Tsakanin 1906 da 1908 aka kafa alamun iyakar da ta raba ƴan uwa, ta bar Filinge da Ƙonni a hannun Faransa, Isa da Tubali a hannun Ingila. Ɗan Maidangwale ya tashi ke nan da tushensa a gefe guda na iyaka, gidansa a ɗaya gefen, kuma Allah Ya ƙaddara muryarsa za ta zama cikin abubuwan da iyakar ta kasa tsarewa.

Daga gona zuwa fada

Narambaɗa bai fara da sarakuna ba. Da kiɗin noma ya fara, inda makaɗi ke bin manoma kuyya kuyya ranar gayya, rana na dukansa kamar yadda take dukansu. A nan ne makaɗi ke koyon darasin farko na sana'arsa: ya ga da idonsa yadda kirari ɗaya ke tayar da wanda ya gaji, ya mayar da shi bakin aiki kamar bai taɓa sunkuyawa ba. Wanda ya ɗanɗana wannan yana jin daɗi haɗe da tsoro, domin ya gane an ba shi iko bisa zukatan mutane, kuma abin da ke tayar da namiji yana iya tunzura shi ya wuce iyaka.

Daga nan ya ɗauki kotso, kayan kiɗin da ya gada ta wajen uwa. Kotso ɗan uwan kalangu ne a siffa, mai siririn ƙugu, sai dai baki ɗaya ake rufe masa da fata, ɗayan a bar shi buɗe. Ba a sa masa makaɗi na itace, da yatsu da tafin hannu ake buga shi, ana matsa tsarkiyarsa ana sassautawa don murya ta hau ko ta sauka. Kiɗi ne na sarauta, kamar taushi da jauje, ba a kai shi dandali. Ɗaukar kotso ke nan tamkar shelar cewa mutum ya nufi ƙofar fada. Narambaɗa ya sami ubangida a wurin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, daga zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya hau gadon sarauta a 1935. A inuwarsa ya yi mafi yawan waƙoƙin da suka ɗaukaka shi, har sunan bawan da na ubangidan suka zama ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya.

Wurin bita

Mai sauraro yakan ɗauka waƙar fada saukowa take yi nan take. Masu sana'ar sun san ba haka ba ne. Kafin a kai waƙa gaban sarki, sai jagora ya keɓe da ƴan karɓinsa, galibi da dare in gari ya yi tsit. Zai fara neman gindin waƙa, wato amshin da za a riƙa komawa gare shi, ya juya shi, ya sauya kalma, ya gwada shi bisa kiɗi har ya zauna. Sannan a shiga ɗora ɗiyan waƙa ɗaya bayan ɗaya, ana maimaitawa har kowa ya san inda zai karɓa da inda zai ƙara. Babu takarda, babu alƙalami. Abin da ka bai riƙe ba ya tafi.

Abin da ke mulkin zuciya a wannan wuri shi ne damuwa da haƙuri. Akwai daren da azanci ke ƙin zuwa, jagora ya yi ta laluben kalmar da za ta cika ɗan waƙa, ta ƙi samuwa, ransa ya ɓaci, yara su yi shiru don sun san ba lokacin wasa ba ne. Akwai zafin hannu ga yaron da ke koyo, wanda yatsunsa ke kumbura kafin su yi kanta. Akwai kunyar wanda ya karɓa ba a wurin karɓi ba, aka juyo aka dube shi. Hatta kayan kiɗin suna da nasu hali: in damina ta yi sanyi fata takan saki, sai an kai ta ga rana ko a gefen wuta kafin ta yi magana. Amma in aka dace, kalmar da ake nema ta faɗo, kiɗi ya hau bisa ita daidai, sai a ga fuskoki sun washe ba tare da kowa ya ce uffan ba. Wannan farin ciki na ɓoye ne, ba mai ba da kyauta a wurin, kuma da yawa daga masu sana'ar sun fi ƙaunarsa bisa na bainar jama'a.

Wanda ya saurari abin da aka ɗauka na Narambaɗa da kunnen basira zai ji alamar wannan wahala. Ya kan fara ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, ƴan karɓi su cafe su ƙarasa, kamar baki ɗaya ke magana. Irin wannan ba ya samuwa sai tsakanin mutanen da suka daɗe tare, suka ci tuwo a akushi ɗaya, suka yarda da juna. Jagoran da ke sakin magana a tsakiya ya miƙa mutuncinsa ne ga yaransa, domin in suka yi saƙo shi za a yi wa dariya.

A gaban sarki

Ranar fita kuwa wani hali ne dabam. Makaɗin fada yana tsayawa gaban mutanen da suka san asalin kowa. In ya ƙetare sunan kaka ɗaya, ko ya gabatar da ƙane bisa wa, akwai dattijon da zai lura. In ya yi zambo ga ɗan sarkin da ke hamayya da ubangidansa, ya san mai yiwuwa gobe wannan ɗan sarki ne bisa karaga. Saboda haka faɗuwar gaba ba ta rabuwa da shi komai daɗewarsa a sana'a. Maganinta ɗaya ne, bugun farko. Da hannu ya sauka bisa fata, ƴan karɓi suka ɗauki amshi, sai tsoro ya juye ya zama ƙarfi.

Daga nan sai abin da makaɗa ke kira kiɗi ya kama. Hannu ya riƙa tafiya da kansa, gajiya ta ɓace, mutum ya manta tsawon lokacin da ya yi tsaye. Sanƙira na ƙara wa wuta itace, zabiya ta rangaɗa guɗa, dawaki su fara rawa da mahayansu. A irin wannan lokaci ne makaɗi ke waiwayowa ya yi wa kansa kirari, kuma a nan Narambaɗa ya yi wa tsaransa nisa. A cikin Bakandamiya, waƙar da ya yi wa Sarkin Gobir Amadu, ya yabi ubangidansa, ya kuma tsaya ya yabi fasaharsa, har ya kwatanta yadda azanci ke zo masa da na Alfazazi, malamin Andalus mai Ishiriniya da ake karantawa a zaurukanmu cikin watan Mauludi. Wani zai ce alfahari ne. Amma a tuna matsayin da al'ada ta ajiye maroƙi: ana son waƙarsa, ana jin nauyin ba shi ɗiya. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ya ɗaga kai gaban fada ya jera kansa da malamai, yana neman wa sana'arsa mutunci ne, yana shaida cewa tsara magana ilimi ne mai wuyar samu. Tarihi ya gaskata shi, domin yau duk aikin da ya fi fice a hannun mai fasaha, Bahaushe na kiransa bakandamiyarsa.

Ba nauyi kaɗai ke cikin waƙoƙinsa ba. A Dokin Iska, inda ya wasa wani doki da ake kira Ɗanhilinge, ana jin nishaɗi tsantsa, kiɗin na sukuwa kamar dokin, muryar na wasa kamar ta yaro ranar hawan Salla. Ga kuma karin magana da habaici da ya cika waƙoƙinsa da su, cikin Hausar Gobir da Zamfara wadda kunnen mutumin Ƙonni da Adar ke ji kamar ta cikin gidansu.

Bayan an watse

Akwai kuma halin da ba a gani, na bayan taro. Sarki ya ba da doki da riga, jama'a sun watse, makaɗi ya koma masauki da murya a dishe, hannu na zogi. Sai rabon kyauta tsakanin yara, wanda in ba a yi adalci ba ƙungiya ta watse. Sai tunanin cewa duk abin da ya mallaka ya rataya ga ran mutum ɗaya da yardarsa. Makaɗin da ubangidansa ya rasu ko aka tuɓe shi yakan zama maraya da furfura. Narambaɗa dai Allah Ya raba shi da wannan ɗaci, domin ya riga ubangidansa komawa ga Mahalicci. Ya rasu a farkon shekarun 1960, daidai lokacin da Nijar da Najeriya ke ɗanɗanar ƴancin kai, Sarki Amadu kuwa ya ci gaba da mulki har 1975.

Abin da ya bari

Rediyo ce ta yi masa rayuwa ta biyu. Gidan rediyon Kaduna da Muryar Sahel sun kai muryarsa garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba, daga baya kaset ya ɗauka, yau kuma tana cikin wayoyin samari. Masana sun duƙufa bisa waƙoƙinsa: Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihinsa cikin na makaɗan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum da sunansa, kuma a 2019 Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya taron ƙasa da ƙasa a kansa. Wanda ya jera kansa da malamai, ga malamai sun taru suna karatunsa.

Kammalawa

Ya ku iyayen ƙasa, Narambaɗa ya tsira daga mantuwa ne domin an ɗauki muryarsa. Makaɗa nawa ne suka tsaya a ƙofofin fadojin Ƙonni da Adar cikin waɗannan shekaru 100, suka sha irin wannan bita da irin wannan faɗuwar gaba, suka tafi da abin da ke kansu? Waɗanda suka rage sun manyanta, ɗiyansu da yawa sun kama wasu sana'o'i, kuma ba a ga laifinsu ba in kiɗi bai ciyar da gida. Roƙonmu shi ne kowace fada ta sa a zauna da makaɗanta, a ɗauki waƙoƙinsu da jerin sunayen da suka riƙe, a rubuta su, a ajiye kwafi a fada da gidajen rediyonmu, a kuma riƙa tunawa da su ba sai ranar buki ba. In tambari ya yi tsawa ranar wannan biki, a dubi hannun da ke buga shi.

Allah Ya jiƙan Ibrahim Narambaɗa da ubangidansa Sarkin Gobir Amadu, Ya gafarta wa magabatanmu baki ɗaya. Allah Ya ja zamanin sarakunanmu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya mai ɗorewa. Amin.