Tarihin Kurt Gerron, Ɗan Wasan Barkwanci na Ƙasar Jamus

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin marigayi Rabilu Musa Ibro ya san yadda barkwanci ke mantar da mutum damuwarsa. A filinmu na tarihi na wannan mako mun kawo muku wani ɗan barkwanci da ya yi tashe a Jamus tun zamanin kakanninmu.

An haifi Kurt Gerron a birnin Berlin ranar 11 ga Mayu, 1897. Iyayensa Yahudawa ne 'yan kasuwa. Ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda aka ji masa mummunan rauni. Ya fara karatun likita, daga baya ya ajiye ya rungumi wasan kwaikwayo. Ƙato ne mai tumbi da babbar murya, fitowarsa kaɗai ta isa ta sa a yi dariya.

A lokacin fina-finai bebaye ne, sai dai a rubuta maganar 'yan wasa a jikin majigi. Da fim mai magana ya kankama a Jamus wajen 1929, sai kasuwar masu murya irin ta Gerron ta buɗe. A 1930 ya fito tare da Marlene Dietrich a fim ɗin Der blaue Engel. A shekarar kuma ya fito a matsayin lauya a Die Drei von der Tankstelle, wato Mutum Uku na Gidan Mai, na kamfanin UFA. Labarin wasu abokai uku ne da suka karye, suka sayar da motarsu suka buɗe gidan mai, sannan dukkansu suka faɗa son yarinya ɗaya.

Me ya sa jama'a suka yi ta rububin irin waɗannan fina-finai? Akwai waƙoƙi masu daɗi da ake sakawa a rediyo da faifan garmaho, ga rawa, ga ban dariya. Ga shi kuma ana cikin matsi, domin a 1932 marasa aiki a Jamus sun kai miliyan 6. Talaka kan biya kuɗin shiga ya huta da tunani na awa ɗaya da rabi.

Sai dai suna da nasu aibin. Yawanci labarin ba shi da zurfi, a kan tsayar da shi don kawai a rera waƙa. Talauci kuwa a fim ba ya daɗewa, sa'a ko auren mai kuɗi ne ke kawar da shi. Babban aibin shi ne kawar da kai daga abin da ke faruwa a titi. Ranar 14 ga Satumba, 1930, jam'iyyar Nazi ta Hitler ta ci kujeru 107 a majalisa. Washegari aka fara nuna fim ɗin gidan mai, mutane na ta ƙyalƙyala dariya.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, aka hana Gerron aiki saboda kawai shi Bayahude ne. Ya yi gudun hijira zuwa Faransa da Austriya, ya zauna a Holan. Abokansa sun nemi ya koma Amurka, bai je ba. Sojojin Jamus suka mamaye Holan a 1940, aka kama shi a 1943, aka kai shi sansanin Theresienstadt a 1944.

A can aka tilasta masa shirya fim ɗin farfaganda mai nuna wai fursunoni na cikin jin daɗi, alhali yunwa da cuta na kashe su. Ya yi aikin, amma bai tsira ba. A watan Oktoba na 1944 aka kai shi sansanin Auschwitz da ke Poland, aka kashe shi da matarsa Olga. Yana da shekara 47.

'Yan uwa, dariya ba laifi ba ce, tana ma rage zafin rayuwa. Amma in kuna kallon fim ko ɗan bidiyo a waya, ku riƙa tambayar kanku: me aka nuna mini, me kuma aka ɓoye? Sannan mu guji ƙin mutum saboda addininsa ko ƙabilarsa, mun ga inda hakan ya kai Jamus.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.