Marigayi Rabilu Musa Ibro: Gandiroban Da Ya Zama Ɗan Wasa

Da aka nemi in rubuta tarihin wani shahararren mutum a wannan mujalla tamu, na san wasu za su zaci sarki ko malami zan ɗauko. Ni kuwa Ibro na zaɓa, domin duk wanda muka yi aji ɗaya da shi ya san sau nawa aka kama mu muna kwaikwayon muryarsa a lokacin karatun dare.

An haifi Rabilu Musa a shekarar 1971 a garin Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa ta yanzu. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, daga nan ya shiga aikin gandiroba a 1991. Yana cikin kaki yana taɓa wasan kwaikwayo, har wasan ya fi ƙarfin aikin, ya ajiye kakin. Ni da nake jiran albashi duk ƙarshen wata, na san barin aikin gwamnati mai fansho saboda wasan barkwanci ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Abin ya karɓe shi. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, da wuya ka leƙa gidan kallo a zamanin kaset ba ka tarar ana sheƙa dariya a kan Ibro Awilo ba, inda ya kwaikwayi mawaƙin nan na Kwango, Awilo Longomba, ko kuwa Ibro Usama. Rabin abin dariyar a murya yake. Kafin ya ƙarasa magana mutane sun riƙe ciki. Sai da na shiga jami'a na gane cewa da yawa daga waƙoƙin da muke rantsuwa shi ya rera, Sadi Sidi Sharifai ne ya rera su da irin muryarsa, shi kuma Ibro ya hau kansu a fim. Ashe mu ma kwaikwayon mai kwaikwayo muke yi!

A 2008, lokacin da Malam Abubakar Rabo yake shugabantar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, aka gurfanar da shi a kotun tafi-da-gidanka a kan fim ɗin Ibro Aloko, aka yanke masa ɗaurin wata biyu. Mutumin da ya saba riƙe makulli, sai ga shi an kulle shi ta ciki. A ganina hukuncin ya yi tsauri, ko da yake na san cikin malamanmu akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba. Da ya fito bai canja sana'a ba.

Ya rasu a Kano ranar 10 ga Disamba, 2014, bayan fama da ciwon ƙoda, yana ɗan kimanin shekara 43. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.