Mamman Shata: Mai Tallar Goro Da Ya Zama Sarkin Waƙa

Ranar Juma'a 18 ga watan Yuni na 1999 labari ya iso mana daga Kano cewa Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. Waɗanda suke kasuwa a wannan rana ba su manta ba. Daga Maraɗi har Damagaram, masu sayar da kaset suka ɗora waƙoƙinsa, mutane suka taru bakin rumfuna sun yi jugum kamar an yi musu rasuwa a gida. Shekaru sun wuce, amma muryarsa tana nan cikin motocin haya da wayoyin hannu. Shi ya sa muka ga ya dace mu tuna wa masu karatu ko wane ne wannan bawan Allah.

An haifi Shata a 1923 a garin Musawa, cikin ƙasar Katsina. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, mutum ne mai asalin Fulani, kuma bai so ɗansa ya yi waƙa ba ko kaɗan, domin a ganinsa waƙa roƙo ce, roƙo kuwa zubar da mutuncin gida ne. Aka sa yaro makarantar allo kamar sauran yara.

Ƴan kasuwa, ku ji wannan: Shata naku ne tun fari. Da tallar goro ya soma neman na kansa, daga baya ya koma sayar da alewa. Yana talla yana rera waƙa, jama'a na taruwa. Da dare kuma sai ya tafi dandali wurin samari da ƴan mata, ya yi ta waƙa don nishaɗi. A hankali waƙar ta fi ƙarfin tallar. Ya bar gida ya zauna Bakori, daga baya ya kafa gidansa a Funtuwa, inda ya haɗa waƙa da noma.

Kiɗansa kalangu ne, ƴan amshi na bayansa. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne bai zama makaɗin fada ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya riƙe shi hannu biyu. Amma ya yi wa attajirai, da direbobi, da mata, da manoma, da malamai. Duk wanda ya yi masa alheri, sunansa ya shiga duniya. Wanda ya wulaƙanta shi kuwa, ya sha zambo har ya rasa inda zai sa kansa. An san shi da cewa ba ya zama ya shirya waƙa. In kalangu ya tashi, magana sai ta riƙa zuba. Har yau babu wanda ya iya ƙirga waƙoƙinsa duka.

Kuma bai tsaya ga yabo kaɗai ba. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojoji waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo 11, ta yadda mai sayar da daddawa ma ta ji labarin. A cikin Bakandamiya kuma ya wasa kansa, ya nuna wa mawaƙa cewa shi ne gaba.

Ba mu ce ba shi da laifi ba. Waƙarsa ta mashaya ta ɓata wa malamai rai ƙwarai, kuma bakinsa na da kaifi. Amma shi ɗin ne dai ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda tsofaffi ke saurare da hawaye. Ɗan Adam ke nan, tara yake bai cika goma ba.

Yaron da aka hana waƙa don gudun abin kunya, shi ne masana suka koma suna nazari. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na dakta a Amurka a kan waƙoƙin Shata. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, aka riƙa kiransa Dakta. A 2006 aka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Bayan rasuwarsa a asibiti a Kano, an kai shi Daura aka yi masa sutura, garin ubangidansa. Daura kuwa ga ta nan dab da iyakarmu, kamar yadda Katsina take ƴar uwar Maraɗi. Iyaka ba ta taɓa tare muryar Shata ba.

Saura da mu. Tsofaffin kaset ɗin da ke cikin akwatunanmu suna lalacewa da zafi da ƙura, wasu waƙoƙin kuwa wataƙila a hannun mutum ɗaya suka rage. Wanda yake da su ya nemi mai juya su zuwa waya tun kafin zaren ya tsinke, ya kunna wa ƴaƴansa su ji Hausa tsantsa. Ke kuma uwa, in yaronki na talla yana ƴar waƙarsa, kada ki yi saurin raina shi.

Allah ya jiƙan Mamman Shata, ya yafe masa kurakuransa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.