Nana Asma'u (1793–1864): Malamar da Mata Suka Kai Rubutunta Ƙauyuka

Wanda ya bar Sakkwato ya kama hanyar Jega, kafin ya kai Shagari zai ratsa ƙasar Boɗinga. A nan garin Sifawa yake, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna da iyalinsa da almajiransa har zuwa 1815. Cikin iyalin akwai 'yarsa Asma'u, wadda ta zama marubuciyar da ta fi kowace mace suna a tarihin ƙasar Hausa. Musulma ce, bangaskiyarmu da tata ba ɗaya ba ce. Amma maƙwabtanmu suna ji da ita ƙwarai, kuma ya kamata mu san tarihin ƙasar da muke zaune a ciki.

An haife ta a Ɗegel a 1793. Tagwaye ne ita da Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, yaƙi ya ɓarke tsakanin jama'ar Shehu da Gobir. Ta sha yunwa da tafiyar ƙasa, ta ga mutuwar 'yan'uwa, har Alƙalawa ta faɗi a 1808. Duk da haka ba ta bar karatu ba. Ta haddace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Rubuce-rubucenta da suka rage sun kai kimanin 60. Akwai Tanbihul Gafilina na 1820, da Larabci. Akwai waƙoƙin tarihin jihadi, da na wa'azi, da na makoki, kamar wanda ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837. Ba manya kaɗai ta yi wa makoki ba, har da matan da ba su da sarauta, waɗanda ta yaba wa halinsu na kirki. Ta iya zaɓen harshe: Larabci don malamai, Fulatanci don dangi, Hausa kuwa don talakawa, waɗanda su ne mafi yawa.

To, yaya rubutu zai isa ga macen ƙauye wadda ba ta iya karatu ba, kuma aikin gida ba zai bar ta ta fita ba? Amsar da Asma'u ta bayar ita ce ƙungiyar 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali daga garuruwa, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar muƙami. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata, su taka zuwa Sakkwato. Su zauna gaban malama, ta rera waƙa, ta bayyana ma'ana, su maimaita har ta zauna musu a ka. In sun koma gida sai su koya wa matan aure a tsakar gida, ana daka, ana kaɗi. Haka waƙoƙinta suka yi tafiya a bakin mata, inda takarda ba ta kai ba.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. 'Yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Takardunta kuwa zuriyar Giɗaɗo ce ta adana su, har zuwa kan Waziri Junaidu. Da taimakonsa Jean Boyd, Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta rubuta tarihinta a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukanta da fassarar Turanci.

Masu karanta ta ba su da baki ɗaya. Wasu suna ganinta hujja ce babba a kan masu hana 'ya mace ilimi, shi ya sa makarantun mata da yawa a Arewa suke ɗauke da sunanta. Wasu kuma suna tunatar da cewa waƙoƙinta sun yi murnar nasarorin yaƙi, sun yaƙi bori, kuma cikin matan da ake koya wa akwai waɗanda aka kamo bayi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yawancinmu, waɗanda hare-haren bayi suka kori kakanninsu zuwa kan duwatsu. Gaskiya ba ta yarda mu ɓoye ko ɗaya daga cikin biyun ba. Mai karatu na ƙwarai yakan yaba abin yabo, ya kuma faɗi abin da ya yi masa ciwo, ba tare da zagi ba.

'Yan'uwa, ga abin da ya dame ni. Wannan mata ba ta da injin buga littafi, ba ta da rediyo, amma koyarwarta ta shiga ƙauyuka. Mu muna da Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, muna da zumuntar mata a kusan kowace ikilisiya, amma iyayenmu mata nawa ne har yau ba su iya buɗe shi su karanta da kansu ba? Cikin Titus sura 2 manzo Bulus ya ɗora wa tsofaffin mata nauyin koya wa ƙanana. Idan akwai mace a ikilisiyarku da ta iya karatu, ku ba ta aji. Idan akwai mai rubuta waƙa ko darasi, ku karanta, ku tattauna, ku faɗa mata ra'ayinku, kuma ku adana abin da ta rubuta domin jikokinmu.