Waliyyi Damiyen, Uban Kutare

Bari mu tuna da Fada Damiyen, wanda aka haifa a ƙasar Beljiyam a 1840. A zamaninsa, hukumar Hawai takan kwashe kutare zuwa tsibirin Molokai, inda ba su da firist mai zama tare da su. Da Bishop ya nemi masu zuwa, firistoci 4 suka amsa, Damiyen ne kuwa ya fara tafiya, a 1873. Ya wanke gyambunansu, ya gina musu gidaje, ya haƙa kaburburan mamatansu da hannunsa. Cutar ta kama shi, amma kafin rasuwarsa a 1889 waɗansu sun bi sawunsa. An ayyana shi waliyyi a 2009. Mu ma, kada mu jira sai wani ya fara.