June Almeida, matar da ta fara ganin ƙwayar korona

Sunan korona ya shiga bakin mutanen Jibiya da Maraɗi ne a 2020, amma wadda ta fara ganin siffar irin wannan ƙwayar cuta a majinar ɗan Adam ta riga ta kwanta dama tun a 2007.

An haifi June Hart a birnin Glasgow a 1930, 'yar direban bas. Rashin kuɗin jami'a ya sa ta bar makaranta tana da shekara 16, ta kama aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Bayan ta auri Enriques Almeida, suka ƙaura zuwa Toronto ta Kanada, inda ta ƙware da madubin lantarki mai bayyana abin da ido ba ya gani. Takan zuba wa samfur rini, bayansa ya yi duhu, ƙwayar ta fito sarai.

A 1966, tana asibitin St Thomas a Landan, Dakta David Tyrrell ya aiko mata da samfurin wani ɗalibi mai mura, wanda ya gagari gwaje-gwajen zamanin. Ta ga ƙwayoyi kewaye da tsinkaye kamar rawani. Ta taɓa ganin irinsu a jikin kaji, masana suka yi watsi da hotunanta, wai ƙwayar mura ce ta ɗauka ba da kyau ba. Wannan karon ba su yi musu ba. A 1968 aka raɗa wa dangin suna korona.

Ta yi ritaya a 1985, ta koma koyar da yoga.