Malam Abdussalami Bagimbane: Tsakanin nasiha ga shugaba da fitina

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, yau filin namu zai waiwayi rayuwar wani malami wanda sunansa bai kai na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi amo ba, alhali a kansa ne wutar jihadi ta fara kamawa. Shi ne Malam Abdussalami ɗan Ibrahim, wanda aka fi sani da Bagimbane, tushen gidan sarautar Jega a Jihar Kebbi.

Abdussalami Ba'are ne, yana kuma cikin manyan almajiran Shehu waɗanda ba Fulani ba. Ya zauna kusa da Ɗegel tare da nasa almajirai, yana karatu yana karantarwa. A wannan zamani Jama'ar Shehu na ƙaruwa, mahassada kuma na kai wa fadar Gobir tsegumi cewa mulki malaman nan suke nema. Sarkin Gobir Nafata ya saurari wannan magana, ya sa aka yi shela cewa ban da Shehu ba a yarda kowa ya yi wa'azi ba, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, maza su ajiye rawani, mata su ajiye lulluɓi. Shela a kasuwa ita ce rediyon wancan lokaci, kuma a hannun sarki kaɗai take.

Da ƙasa ta yi wa Abdussalami zafi, wajen shekarar 1797, sai ya kwashi mutanensa ya ƙaura zuwa Gimbana a ƙasar Kabi, kusa da inda Jega take a yau. Da Yunfa ya hau gadon Gobir ya nemi ya dawo, malamin ya ƙi. A watan Ramadan na 1218, wato ƙarshen 1803, rundunar Gobir ta auka wa Gimbana, aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel, mutanen Shehu suka kwance su. Wannan ne ya kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, sai kuma yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yuni. Dokar da aka kafa don a toshe bakin masu wa'azi ita ce ta share hanyar faɗuwar Alƙalawa a 1808.

Bayan nasara, Shehu ya raba kulawar ƙasa a 1812: yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. Rabon Abdussalami shi ne Sabiyal, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Aliero a yau, da 'yan garuruwan da ke tare da ita, a ƙarƙashin Abdullahi. Ya ga rabon bai kai wahalar da ya sha ba, ya soma faɗaɗa ikonsa, har saɓani ya shiga tsakaninsu. Aka janye shi daga can, aka zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato.

Da Allah Ya yi wa Shehu rasuwa a watan Afrilu na 1817, Abdussalami ya yi wa Bello mubaya'a bayan ɗan jinkiri, amma abin da ke ransa bai kwanta ba. Ya rubuta wa sabon Sarkin Musulmi wasiƙu yana kukan zalunci da cin dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba, har ya haɗa da zane mai nuna yadda aka raba ƙasa tsakanin manyan Jama'a, yana tambayar ina nasa kason. Ba shi ya fara irin wannan kuka ba. Tun a 1807 Abdullahi da kansa ya ƙosa da son duniyar da ya gani a cikin Jama'a, ya kama hanyar gabas, ya tsaya a Kano inda ya wallafa Diya'ul Hukkami. Sai dai Abdullahi ya tsaya ga alƙalami, ya dawo cikin 'yan uwansa. Kware kuwa ta zama matattarar masu ƙorafi, kuma Bello ya zargi malamin da haɗa kai da abokan gaban daula. Ya amsa masa a rubuce, hujja da hujja, abin bai yi magani ba. A farkon 1818 aka ci Kware da yaƙi, Abdussalami ya fita da rauni, ya cika a Bakura ta ƙasar Zamfara.

Ragowar mutanensa suka fake a Kalambaina, inda daga baya Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi ɗauki, suka ci garin, suka kuma sasanta tsakaninsu. Ɗan marigayin, Muhammadu Buhari, ya miƙa wuya, aka yarje masa ya kafa Jega wajen 1820. Garin ya bunƙasa ya zama babbar kasuwa, wadda har gobe mutanen Aliero da Maiyama da na nesa ke ci.

Abin lura ga mai karatu shi ne, mafi yawan abin da aka sani game da wannan rikici daga littafin Bello mai suna Sardul Kalami ya fito. Ɓangare ɗaya ne ya ba da labarin, kuma adalci ya wajabta a riƙa tuna haka. Amma Bello bai binne maganar abokin jayayyarsa ba: ya kawo wasiƙunsa a ciki, sannan ya yi raddi. Da ya ƙone su, da yau ba wanda zai san kukan Bagimbane.

A nan darasin yake ga gidajen rediyo da talabijin na gwamnati, waɗanda da kuɗin jama'a duka ake tafiyar da su. A 2020 Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya zuwa naira miliyan 5, a 2023 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba ta da hurumin cin tara. Ke nan har yanzu ana neman inda iyakar take. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta ɗora mana nauyin tantance labari kafin aiki da shi, kuma nauyin ya hau kan mai mulki kamar yadda ya hau kan ɗan adawa. Shugaban da ya hana a ji mai suka ya bi sawun Nafata. Mai sukan da ya bar hujja ya koma tunzura jama'a, shi ma ya san yadda Kware ta ƙare.

Allah Ya jiƙan Malam Abdussalami da Shehu da Abdullahi da Bello, Ya yafe kurakuransu da namu, Ya ba shugabanninmu kunnen jin gaskiya, mu kuma Ya tsare harsunanmu daga ƙarya. Amin.